Wata Baƙuwa Ta Zauna a Bencina

Gwaggo Etelka, don Allah ki taimake ni, kunya ta hana ni kai maganar nan gaban fasto.

Ni tsohuwa ce, a wani ƙauye kusa da birnin Kolozsvar. Cocinmu ya ga duniya. Da matasa suka watse zuwa Jamus neman aiki, sai muka rage 'yan tsiraru, lokacin sanyi ma a falon fasto muke sujada, murhu ɗaya ya ishe mu jin ɗumi. Ni ke share cocin, ina shara ina roƙon Ubangiji ya kawo mana mutane. To, ya kawo! 'Yan birni sun yi gine-gine a bayan gari, yanzu ranar Lahadi kukan jarirai har danne zabura yake. An gyara rufi, dattawan ikilisiya sai washe baki suke. Ni ma ina murna, ba ƙarya.

Sai dai benci. Kin san mu, maza gefe guda, mata gefe guda, kowane gida da wurinsa. Nawa na uku ne, jikin bango, daga uwar mijina na gaje shi. Kwatsam wata yarinya mai ciki, Boglarka, ta zo ta ɗare a kai, har da yi min murmushi tana matsawa wai in zauna. A wurina fa! Tun ranar can baya nake raɓewa, raina a ɓace, huɗubar ma ba na ji. Maƙwabciyata Piroska cewa take na cika sanyi, da ita ce da tuni yarinyar ta san inda dare ya yi mata. Ni kuwa tsoro nake in yi magana ta yi fushi, ta tafi, ta ja sauran. In haƙura ne?

Mai benci na uku

'Yar'uwa, kin ba ni dariya, amma ban raina damuwarki ba. Wurin da mutum ya zauna tun yana amarci ba abin wasa ba ne. Ita ma yarinyar ba ta yi laifi ba; a birni duk inda ka samu nan kake zama, kuma ba wanda ya gaya mata.

Shirun nan naki ne ba na so. Ki rabu da shawarar Piroska, kada kuma ki kai wa dattawa. Ki gasa burodi mai zaƙi ki je gidanta, ki ba ta labarin bencin da matan da suka zauna a kansa. Ranar Lahadi ki jira ta a ƙofa, ki kama hannunta, ki kai ta kamar yadda uwar miji ke kai amarya: ke jikin bango, ita gefenki. Duk ƙauyen zai gane, daga ranar ta tashi daga baƙuwa.

Kuma duk ranar da ƙafa ta hana ki fitowa, akwai wadda za ta waiga ta ga ba kya nan, ta taho dubiya.

Ubangiji ya sauke ta lafiya, ke kuma ya ƙara miki nisan kwana.