Muryar da Na Sayar Ita Ke Bin Yayata Bashi

Goggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke cina ba zan iya kai shi gaban kowa a danginmu ba, don na san amsar da zan samu ita ce "ai ke kika ja".

Ni mai karɓar baƙi ce a wani ƙaramin asibitin haƙori. Albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, rabin hanya yake raka ni ya juya. Abin da Allah Ya ba ni shi ne murya. Tun ina yarinya ake cewa in na yi magana ko jariri mai rigima sai ya yi shiru. Bara wani mutum ya zo a cire masa haƙori, ya ji ina amsa waya, bakinsa cike da auduga ya miƙo min katinsa. Ashe manajan wani kamfani ne mai ba da rance ta waya, irin masu cewa minti biyar kuɗi sun shigo, ba jingina, ba mai tsaya maka. Mai Turare muke ce masa a wurin aiki, don in ya fita sai mun buɗe taga.

Ya kai ni wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, ba iska, sai warin safa. Aka ba ni takardu in karanta a ɗauka. Ta farko talla ce: "Ɗan'uwa, kada ka kwana da damuwa, muna tare da kai." Ta biyu suka ce tunatarwa ce, hawa uku: ta lallashi, ta gargaɗi, sai ta ƙarshe wadda ake buga wa duk mutanen da ke cikin wayar mai bashi a ce musu wane ya ci amana. Na karanta musu lambobi da ranakun mako da watanni, don na'ura ta riƙa harhaɗawa da kanta. Shi kuwa yana bayan gilashi yana kaɗa ƙafa yana cewa in ƙara taushi, in yi kamar uwa ce ke jin kunyar abin da ɗanta ya aikata. Da muka fito ya ce min, yana dariya, "Talaka ba ya karanta takarda, murya yake saurare." A talla "abokan hulɗarmu masu daraja" ne, a ofis kuwa "kaji" suke kiransu. Da kunnena na ji wata yarinya mai dogayen farata tana cewa kajin wannan makon ba su da nama.

Na ji ƙyama, Goggo, amma ƙyamar ba ta hana ni miƙa hannu ba. Albashin wata huɗu na samu a yini biyu. Na sayi firiji, na canja labule, na manta da su.

Ina da yaya, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da wanki da guga. Har yau sana'arta ke nan, a wani ɗan shago da bai fi ɗakin girkina ba. Injin wankinta ya ƙone, ba ta faɗa min ba, don ita a duniya ba ta roƙon ƙanwa. Wata safiya na biya ta wurinta kafin in wuce aiki, tana tsaye tana goge rigar wani. Wayarta da ke kan tebur ta yi ƙara, ta danna ta bar ta a buɗe. Sai na ji kaina. Muryata ce, a hankali, cikin ladabi, tana gaya wa matar da ta goya ni cewa yau kwana goma sha ɗaya ke nan tana ɓoyewa, kuma mutumin kirki ba ya cin haƙƙin mutane. Yaya ba ta ɗago ba. Ta juya hannun rigar ta ce, "Ƙanwata ke nan, kullum sai ta gaishe ni, ba ta taɓa fashi." Wallahi da mari ta yi min da ya fi sauƙi.

Da na matsa mata ta ce tallar ta ji, ta gane muryar, ta ce a ranta ba zan sa bakina a abin da zai cuci mutum ba. Kuɗin inji ɗaya ta karɓa. Zuwa yanzu ta biya kusan na inji biyu, kuma wai abin da ya rage ya fi wanda ta karɓa tun farko, saboda kuɗin ruwa da tarar jinkiri da wani abu wai kuɗin kula da asusu. Sun buga wa masu kawo mata wanki, da muryata. Mutum uku sun kwashe kayansu, ɗaya a jiƙe.

Na je ofishinsu ina huci. Mai Turare ya sa aka kawo min ruwan sanyi, ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, da ya san 'yar gida ce da ba a kai nan ba. Sai ya zaro sabuwar yarjejeniya: shekara uku, kuɗi ninki biyu, har da hotona a allon talla na bakin titi. In na sa hannu zai shafe bashin Yaya da danna maɓalli ɗaya. Ya ba ni mako biyu.

Maigidana ya ce in sa hannu. Wai murya ce kawai, in ban yi ba wata za ta yi, ga haya ta kusa, ga yaro zai shiga makaranta, kuma wa zai fitar da Yaya in ba ni ba? Ni kuwa in na tuna fuskar mutumin nan sai in ce har abada. In na tuna hannun Yaya da sabulu ya cinye sai in ɗauko biro. Me zan yi?

Taki,
Mai Muryar Haya

Amsar Goggo

'Yata, na karanta wasiƙarki, kuma zan fara da abin da ba za ki so ji ba. Kin san abin da kike karantawa a ɗakin soson nan. Kin ji an kira mutane kaji, kin tafi kin sayi labule. Yayyen wasu sun sha wannan kiran wata da watanni bai hana ki barci ba, sai da ya shigo gidanku. Ban faɗa don in ƙara miki ciwo ba, na faɗa ne don kada a saye ki karo na biyu da farashi mai kama da taimako.

Dubi tayin da kyau. Mutumin da zai iya shafe bashi da danna maɓalli ɗaya ya gaya miki da bakinsa cewa kuɗinsa sun daɗe da dawowa, abin da ya rage igiya ce kawai. Jiya a wuyan yayarki take, yau yana so ya mayar da ita naki, har shekara uku, da fuskarki a kan titi don duk wanda suka tatsa ya san wadda zai tsine wa. Irin waɗannan ba 'yan kasuwa ba ne. Ɗan kasuwa yana so ka ji daɗi ka dawo, su kuwa addu'arsu ka kasa biya. Kaska ce da ta sa kwat. Kuma na lura shafe bashin a baki ya faɗa, sa hannunki ne kawai yake so a takarda.

Maigidanki ba mugu ba ne, haya ce ke magana da bakinsa, kuma tsoronsa gaskiya ne. Ki zauna da shi ku yi lissafin wata uku masu zuwa ba tare da kuɗin nan ba, zai yi wuya amma ba zai kashe ku ba. Maganar "wata za ta yi" kuwa, to ta yi. Kowa da abin da zai iya kallon kansa da shi a madubi.

Kada ki sa hannu, kuma kada ki koma ofishin ke kaɗai. Ki nemo tsohuwar takardar da kika sa wa hannu ki kai wa lauya, akwai masu duba irin wannan kyauta ko da kuɗi kaɗan. A gani har zuwa yaushe suke da izinin amfani da muryarki, kuma ko an rubuta za a tozarta mutane da ita. Ki taya yayarki tattara shaidar duk abin da ta biya, da saƙonninsu, da sunayen waɗanda aka buga wa. Ku rubuta ƙorafi ga hukumar da ke sa ido kan masu ba da rance, ku ajiye kwafi. Ba na miki alkawarin za su yi sauri, amma masu irin wannan sana'a sun fi tsoron takarda mai hatimi fiye da hawaye. Kafin nan kada Yaya ta karɓi wani rance don toshe wannan, ko da sun ce rangwame ne. In lauya ya ce akwai abin da ya zama dole a biya, ki sa hannu a aljihunki, ko da firijin ne zai tafi.

Mutum ukun da suka kwashe kayansu, ki je ki same su da ƙafarki, ki ce ke ce mai muryar, ki gaya musu yayarki ba ta ci amanar kowa ba. Za ki ji kunya. Ki ji, rabonki ne, ita ta ɗauki nata ba tare da ta yi laifi ba.

Sannan ki nemi gafararta a fili, ba ta hanyar sayo mata atamfa ba. Wataƙila ta ce ba komai ta ci gaba da aikinta, irinsu haka suke. Kada ki yarda ba komai ne. Ki koma gobe, ki koma jibi, har ranar da za ta buɗe baki ta yi miki faɗan da kika cancanta, ki tsaya ki shanye. Ranar ce za ki san kin dawo gida.

Allah Ya warware mata, Ya buɗa miki ta inda ba za ki sunkuyar da kai ba.

Goggo