Hijabin Hibba da Tayar Baya

Zuwa ga Yayana Auwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a can Fatakwal, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu nan Rikkos lafiya lau, sai sanyi.

Yaya, na san ka lura cewa sati uku ke nan duk lokacin da ka kira, da mun gaisa sai in miƙa wa Mama wayar. Akwai maganar da bakina ya kasa faɗa. Shi ya sa na rubuta ta a wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa inda kowa zai gani, don kada in sake samun wurin ɓuya.

Ka tuna ranar da ka shigo da ƙaramin jan babur ɗin nan na hawa tudu, wanda ka gyara da hannunka a gareji saboda ƙanwarmu Hibba? Mama ta ce ba a gidanta ba, yarinyar da ko shekara bakwai ba ta cika ba. Ka daɗe kana lallashi kafin ta yarda, sai da ka yi mata alkawarin cewa Hibba ko ƙwarzane ba za ta yi ba.

Kwana biyar muna zuwa filin nan na kusa da tsofaffin ramukan kuza, ba ka tayar da injin ba ko sau ɗaya. Turawa kawai take yi, ta kama birki, ta saki, ta sake kamawa, har ta yi kuka. Kullum sai ka ce, "Birki tukuna, totur daga baya." Da ta fara hawa da injin a kunne kuma, kafin ta hau sai wando, takalmi sau-ciki da hular kwano. Hijabi kuwa ni kake sa wa in cire mata in ninke. Kakan ce taya ba ruwanta da ado, duk abin da ya rataya jawowa take yi.

Da za ka tafi ni ka ba makullin. Ka ce ni ce ba na manta komai.

Ban manta ba, Yaya. Abin da ya fi damuna ke nan.

Ranar Asabar ce, mun taso daga Islamiyya, Hibba ta matsa mu je filin. Muka tarar da masu lodin yashi sun kai su goma, suna hutawa a jikin tifa. Duk suka juyo suna kallon yarinya da babur. Kan Hibba a tsefe yake, ba a yi mata kitso ba tukuna. Na kai hannu zan cire hijabin, sai na ji ba zan iya ba. Gani nake za su yi dariya, su ce 'yan gidan nan ƙazamai ne. Sai na ɗora mata hular a kan hijabin, na cusa jelarsa a ƙarƙashin Hibba ta zauna a kai. Na ce a raina zagaye ɗaya ne kawai.

A zagaye na biyu jelar ta zame. Tayar baya ta kama ta, ta finciko wuyan Hibba baya. Ta faɗi, babur ya bi ta, salansar hayaƙi mai zafi ta kwanta mata a ƙwauri.

Ni ko motsi ban yi ba. Ɗaya daga cikin mutanen nan da nake jin kunyarsu shi ya sheƙo ya ɗage babur ɗin, ya yage hijabin daga wuyanta, ya ɗauke ta har kemis. Babu wanda ya kalli gashinta.

Kafin mu isa gida na cusa yagaggen hijabin a ƙasan jakar makarantata. Na ce wa Mama santsi ne ya kwashe ta. Mama ta kira ka tana faɗa, ta ce kai ka kawo mata masifa gida ka tafi abinka. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji muryarka a wayar kana cewa ta yi haƙuri, laifinka ne. Na yi shiru. Da ta ce za ta sayar da babur ɗin, har wani daga unguwar Congo-Russia ya zo ya duba, nan ma na yi shiru.

Hibba ba ta tona ni ba. Sau ɗaya kawai ta tambaye ni ina shuɗin hijabinta, ta ce shi ta fi so.

Jiya bayan la'asar na ciro shi na ajiye a gaban Mama, da baƙin mai da sawun taya a jikinsa. Na faɗa mata komai. Na so a ce ta doke ni. Ba ta taɓa ni ba. Ta daɗe tana juya shi a hannunta, sannan ta ce ba ita zan ba haƙuri ba, wanda ta yi wa faɗa a banza shi zan ba. Ta aika wa mai sayen cewa ya dakata sai ta ji ta bakinka.

To ka yafe mini, Yayana. Ka koyar daidai, ni ce na ɓata. Makullin yana rataye a ƙusar ɗakinka. Idan ka ce kada in sake taɓa shi, ba zan taɓa ba. Amma don Allah kada a raba Hibba da babur ɗinta saboda ni. Ciwon ya fara bushewa. Yau da safe na gan ta a tsakar gida tana tura shi a kashe tana ɗingishi, ta cire hijabinta da kanta ta ninke a kan turmi.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya ba Hibba lafiya, ni kuma ya cire mini irin wannan kunyar. Idan ka kira ranar Juma'a, ni zan ɗauka, kuma ba zan miƙa wa kowa ba.

Ƙanwarka,
Zainab