Haruffa Ashirin da Biyu

Kwarbai, Birnin Zariya,
9 ga Yuni, 1994.

Zuwa ga Sakinatu, sanyin idona, ruwan farko na damina, inuwar rimin da nake fakewa in rana ta take! Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ni kam yau lafiyar ta yi mini yawa.

Albishirinki! Yau mahaifinki ya yi mini dariya! Malam Nasidi da kansa, wanda wata biyu ke nan in na gaishe shi a ƙofar masallaci sai ya amsa yana kallon bango!

Kin san mafarin abin, amma bari in maimaita don daɗin ƙarshensa. Ranar da ya zo asibitin Dakta Mamman a duba masa ido, ni na buga masa kati da kwamfutar nan da nake cika miki baki a kanta. Gurbin suna a katin haruffa ashirin da biyu yake ci, har da sarari, abin da ya haura sai na'urar ta datse shi ba sallama. Kati ya fito: MALAM NASIDI ABDURRAHM. Ya dubi katin, ya dube ni, ya ce wanda zai guntule sunan Allah don ya shiga akwati, me zai hana shi guntule haƙƙin 'yar mutane? Daga ranar maganar turo magabatana ta tsaya cik. Wayyo Sakinatu! Haruffa biyu kacal suka faɗi, suka tafi da cin abincina, har Inna ta fara yi mini jiƙon maganin shawara.

Na roƙi Dakta a faɗaɗa gurbin, ya ce an riga an buga katuna dubu biyar, ba mai zubar da su saboda soyayyata. Na gwada cire wasula, sunan wata Hajiya Delu ya koma abin da ko ita ba za ta amsa ba.

Kin tuna yammacin Larabar nan a zauren Gwaggo Kande, ana yayyafi, kina cike rajistar ajinki, ni kuma ina ta zuba miki ƙorafi? Kika ɗago idanun nan naki masu sa in manta abin da nake faɗa, kika ce duk digirina ban kai direban bas wayo ba. Kika ce in je Ƙofar Doka in karanta jikin motocin haya: T/Wada, S/Gari. Wa ya taɓa ɓata? Kika juyo mini da rajistar, ga A/bakar, ga L/Kona, kowa na gane kansa. Ashe suna kamar rake yake, yana da gaɓa, mutanen garin nan sun daɗe da sanin inda ake karya shi, ni ne nake sara a tsakiya. Na ji kunya a ranar, kuma a ranar son ki ya ƙarasa ni.

Sati uku na yi ina koya wa na'urar abin da kika koya mini a minti biyar. Yanzu laƙabi take fara ragewa: Alhaji ya koma Alh., Malam ya koma M. In bai isa ba, ta koma kan sunayen gari da unguwa da mutane ke liƙawa a nasu. Amma duk sunan da ke ɗauke da sunan Allah na ce mata kul, ko harafi kada ta taɓa. In abin ya gagare ta, ta tsaya in rubuta da hannuna.

Yau da hantsi na kai masa sabon kati har zaurensa a Limancin Kona, na miƙa masa a ɗarare, don na san na mai da malamin da ya karantar da rabin unguwa harafi ɗaya da ɗigo: M. NASIDI ABDURRAHMAN. Ya sa tabarau, ya bi shi da yatsa har ƙarshe. Ya ce malantarsa tasa ce, in rage ta yadda na ga dama, sunan Mai Rahama ne ba nasa ba. Sai ya tambayi wanda ya ba ni dabarar. Na sunkuyar da kai. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai ya gane hannun! Ya ce shi ya janye, amma ba zai karɓi magabatana ba sai ya ji daga gare ki, tunda ke ce mai gyara mini aiki.

To ga ni a hannunki, zumar zuciyata. Yaya zan yi in kai gobe? Wane shayi zai shiga bakina? Na yi miki alkawari, haƙƙinki ba zai taɓa shiga akwatin da ya yi masa kaɗan ba. In gidana ya yi ƙunci, bango zan rushe.

Gwaggo Kande za ta miƙa miki wannan. A ciki na sa kati guda da ban buga komai a kai ba. Gurbinsa na nan, haruffa ashirin da biyu, ki rubuta amsarki ki nuna wa Malam. Ni dai harafi ɗaya nake roƙo: I. Sauran gurbin ki bar shi fari, za mu cike tare.

Naki, da cikakken sunana, har ranar da numfashi zai ƙare,
Ɗahiru Mustapha Kwarbai.