Tauraruwar Zainabu da Yatsan Kawu

Assalamu alaikum Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa daga Fagam. Yaya aiki, yaya iyali? Muna lafiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Albishirinka, 'yarka Zainabu ta kayar da Kawu Idi! Bayan magariba ta nuna mana wata tauraruwa dishi-dishi, fara mai shuɗi-shuɗi, ta ce an koya musu irinta ta fi rana girma da zafi, nisa ne ya ƙanƙantar da ita. Kawu ya ce ƙarya ce, wuta mai zafi ja ce, gara a cire ta daga bokon nan. Har idonta ya ciko.

Ni da allo kaɗai na sani, sai na kunna murhun gas, ga wuta shuɗiya. Na ce, "Kawu, tunda shuɗi ba zafi, bismillah, sa yatsa." Ya cusa hannu a aljihu, Inna har da hawaye don dariya. Yanzu Malama Kawu yake kiran Zainabu.

Ka sa ta a addu'a, jarrabawa ta matso. Ka gaida mutanen gida. Kawu ma yana gaisuwa, yatsunsa goma cif.

Ƙaninka,
Habu