Tafkin Leda a Bayan Ɗakin Inna

Dudunni, Kusada

Zuwa ga ƙanena Abdulmannan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Jamilatu da yara. Na rubuto ne na ba direban motar Kankia, don a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Na tafi ta'aziyya Fakuwa na bar gida lafiya lau, na dawo na iske bayan ɗakin Inna ya koma fadama. Maƙwabta suka ce kai ne ka zo da ɗiyanka, Ulfa da Kamila, ka kafa masu wani ƙaton tafkin leda mai ƙafafun ƙarfe, wai suwimin-ful. Haba Abdulmannan! A gidan nan aka yanke maka cibi, amma ka rasa inda za ka kafa shi sai wurin da ko kwano aka aje sai ya gangara? Da ka ga ruwa ya karkata, maimakon ka sa a sare tudun, sai ka shiga ɗakin ajiya ka jawo buhuna biyu ka tokare gangaren da su. Kuka sha wanka kuka koma Kankia, abin ya zame ya juye a kan buhunan.

Ka san abin da ke cikin buhunan? Irin waken Inna ne, duka. Na kwance bakinsu na iske rabi ya tsiro, rabi ya yi yauƙi yana wari. Wallahi zama na yi a cikin taɓon nan na yi kuka.

Ina jiran abin da za ka ce.

Yayarka,
Ummulkhairi

*

Kankia

Yaya Ummulkhairi,

Wa'alaikumus salam. Ina gaisuwa tare da girmamawa. Takardarki ta iso, direba ya miƙa mani ita a gaban mutanen ofis yana murmushi, alamar har ya sha labari a hanya.

Yaya, ni ma ina da abin faɗa. Gidan nan na ubanmu ne, ban ga laifi don na kawo yarana su huta ba. Zafin bana ya feso wa Kamila ƙuraje har fatar kai, gidan hayarmu kuwa tsakar gidan ko tabarma biyu ba ta ɗauka. Ban sare tudun ba don na san da na taɓa ƙasar bayan ɗakin Inna da fartanya, da takarda biyu za ki rubuto. Buhunan kuma ban ɗauka da ka ba, sai da na kwance na sa hannu. Rairayi na damƙo. Rairayi! Wane ne zai ga buhun rairayi ya ce abinci ne? Wa ke zuba wake cikin ƙasa ya ɗinke, in ba neman rigima ba?

In iri ne, ga shi nan jibge a kasuwa, na zamani mai saurin nuna. Zan aiko maki da wanda ya fi naki yawa. Don Allah a ninke mani tafkin a ɗaga shi sama kada awaki su huda shi, yaran sun ɗora rai a kanshi.

Na bar ki lafiya.

Ƙanenki,
Abdulmannan

*

Dudunni

Abdulmannan,

Sallama irin ta addini, don ita ba a hana ta ko ana fushi.

Wa ke zuba wake cikin ƙasa? Uwarka! Ita ta koya mani. A tankaɗe rairayi a gauraya da toka, a binne irin a ciki, ƙwaro ba ya samun hanyar shiga har shuka ta zo. Kana makarantar kwana lokacin da muke wannan aikin, ka dawo hutu ka tarar da alale a faranti, ba ka taɓa tambayar daga ina ba. Da ka tura hannunka ya wuce wuyan hannu, da ka taɓo shi.

Ka riƙe irinka na kasuwa. Wannan ɗan ƙaramin wake mai jan hanci, Inna ta zo da shi daga Tafashiya a cikin kayan aurenta. Na aika can, sun ce sun daɗe da barin shi. Waɗanda na taɓa ba wa a nan sun gauraya shi da wasu ya ɓace. Tun rasuwarta ban taɓa bari damina ta wuce ban shuka shi ba, kuma duk buhun da nake aiko maku da kaka shi ne. In ya mutu a hannuna, ya ƙare ke nan.

Na zauna na tsince masu tsiron da ba su ruɓe ba, na ja kunya huɗu na shuka su a wurin da ka jiƙa, na kewaye da darni. Shukar bazara ce, babu ko alamar hadari, rijiyarmu kuwa sai an jira ta taru kafin guga ya cika. Tafkinka ban ninke ba. Na sa Bube maƙwabcinmu ya sare tudun ya baje, mun kafa shi daram, ko motsi ba ya yi. Ya zama randar waken Inna har ruwa ya sauka. Tankar da ta cika maka shi ranar wanka, ita za ka turo ta cika mani shi, kuma cikin makon nan. Ganyen farko ya fara lanƙwashewa da rana.

Ka gaishe da Jamilatu, ita ba ruwanta.

Ummulkhairi

*

Kankia

Yaya,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na san mako ya wuce. Raina ne ya ɓaci, kin ƙwace wa yara abin wasansu kamar ni ba kowa ba ne, kin kuma ba ni umarni kamar ɗan aike. Ulfa ta yi kuka har ta ƙi cin abinci. Har yanzu ina nan a kan bakana, da kin rubuta ko kalma ɗaya a jikin buhun da duk haka ba ta faru ba.

To amma shekaranjiya Jamilatu ta karanta takardarki, ta shiga kicin ta fito da ragowar waken da kika aiko da kaka. Na yi murna, na ce shi ke nan, ga iri. Muka juye a faifai. Yaya, gari ne da ƙwari. Kusan kowace ƙwaya da huda. Muka zauna ni da ita da yaran muna dubawa ɗaya bayan ɗaya, abin da muka samu mai lafiya bai cika gwangwanin madara ba. Kamila ta tambaye ni waken wa ne muke wahala a kanshi haka. Tashi na yi na fita waje.

Ga gwangwanin nan wajen direban tanka. Na ce mashi ya dinga zuwa duk lokacin da kika kira, har ruwa ya sauka. Ki faɗa mani gaskiya, na makara?

Ƙanenki,
Abdulmannan

*

Dudunni

Abdulmannan,

Wa'alaikumus salam. Tanka ta iso. Ka makara. Kunya ukun da ke cikin rana sun bushe ƙurmus tun kafin ta zo. Wadda ke inuwar katanga ce kaɗai da sauran rai, ita ma ban ba ka tabbas ba. Na gwangwanin ban shuka ba, na binne shi a rairayi sai damina.

Ka turo yaran ran Asabar. Za su yi wankansu a bakin kunya, ruwan ya gangara gindin waken kakarsu. Kai kuma kada ka kira ni, kada ka rubuto. Ba ni da magana da kai sai ya yi fure.

Yayarka,
Ummulkhairi