Damin Kaurar Baba

Lahadi da dare, ƙarshen kaka.

Yau aka yi baikon godiya a coci. Bana Allah ya cika min rumbu, shi ya sa na kai damin kaurar da na ware don iri, wadda na gada wurin Baba. Da aka zo gwanjon kayan baiko, sai Iliya ya saye. Iliyan da ya ci min iyakar gona, ya daɗe yana roƙona irin nan ina hana shi.

Na ce wa matata Saratu, ni Allah na bai wa, ba Iliya ba. Ta ce, "To Malam, ai Mai kayan ne ya ba shi."

Ban ci tuwonta ba. Baɗi dawar Baba za ta fito a gonar Iliya, ina tsaye ina kallo.