Garken Baffa a Ma'aunin Kwamfuta

Gwallameji, Bauchi
4 ga Maris

Baffana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da dabbobi. Yaya ƙafar karsanar nan?

Ka tuna tabarau ɗin da na kawo Tirwun na ɗaura muku, kai da makiyaya goma sha ɗaya, wanda duk inda ka juya kai sai ka ga kamar kana tsaye cikin hoton? Aikin digirina ke nan: auna yawan abin da ido zai yi fama da shi a irin wannan hoto. Kwamfuta ta ba Kasuwar Muda Lawal maki casa'in, ta ba garkenka tara. Wai fararen shanu ne da sararin sama, babu abin kallo! Ɗaliban da na gwada da hoton garken ma ko minti ɗaya ba su yi ba suka cire tabarau. Ku kuwa sai da na roƙe ku kafin kuka cire. A hoton ma ka gano karsanar ba ta taka ƙafar baya sosai, alhali ni da na ɗauka ban lura ba.

Dakta Mansir, mai duba aikina, ya ce in goge sakamakonku. Wai ba ku yi boko ba, ba ku gane tambayar ba, ku goma sha biyu kuskure ne kawai. In ban goge ba, ba zai sa hannu ba, bana kuma ba zan kammala ba. Wallahi Baffa raina ya ɓaci. Don girmansa dai na tattara takarduna na fito.

A gaida Inna.

Ɗiyarka,
Bintu

Gwallameji, Bauchi
19 ga Afrilu

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, ya zafi?

Yaya Madina ta kawo mini saƙonka, cewa in goge ku in karɓi takardata, ku ba ku damu ba. Ka yi haƙuri, tun da nake ban taɓa ƙin maganarka ba sai yau. Kai ba ka damu ba, ni na damu. In na goge, na sa hannu ke nan cewa abin da ka gani ba ya nan. To yana nan. Ma'aunin ne bai iya kallon saniya ba.

Na miƙa aikin yadda yake. Jiya aka liƙa sunayen masu kammalawa, babu nawa. Na yi kukana a cikin keke har gida, ba zan ɓoye maka ba. Shekara guda ta tafi, ƙawayena za su sa rigar yaye ban da ni.

Alfarma ɗaya nake nema. Ranar Asabar ina tafe da tabarau, ka tara mini wasu makiyaya talatin. Dakta Mansir ya kira goma sha biyu kuskure, ina so in ji me zai kira arba'in da biyu.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗiyarka mai taurin kai,
Bintu